Jar Makarantar Santambul da Maganar "Baƙo Raɓa Ne"

 

Akwai wata magana da duk wanda ya tashi a Sabo ya san ta. Da zarar an tayar da zancen a haɗa kuɗi a yi wani aiki mai ɗorewa, sai wani daga cikin manya ya gyara zama ya ce, "Ku bi a hankali, baƙo raɓa ne." Shi ke nan magana ta mutu, kowa ya kaɗe rigarsa. Ni a ganina wannan karin magana ta ci mu da yawa, musamman a wajen karatun yara, domin raɓar da ta sauka a Sabon Badun tun 1916 har yau ba ta bushe ba, sai ma jikoki da tattaɓa-kunne da ta tara. Abin da ya sa na ɗauko zancen yau wata tsohuwar makarantar sakandare ce da na je na gani a Istanbul, birnin da kakanninmu ke kira Santambul, kuma makarantar wasu mutane ce da su ma aka mayar baƙi a garin da aka haife su.

Da yawa daga cikinmu suna zuwa Istanbul saro kaya. Amma in ka tambayi mutum me ya gani, sai ya ce Laleli da Osmanbey da ofishin masu ɗaukar kaya, sai kuma gidan abincin da ake samun tuwo. A tafiyata ta 2024 na samu yini guda ina jiran a gama ɗaure mini kaya, sai na hau jirgin ƙasa na cikin gari daga Eminonu, wanda ke bin gefen wani reshen teku da ya kutso cikin birnin. Turkawa na kiran ruwan Halic, wato dai kalmar nan ta Larabci, haliji. Tafiyar ba ta da nisa, ana sauka a tashar Fener, a ɓangaren birnin da ke nahiyar Turai. Tun kana cikin jirgin za ka hango ginin a kan tudu, ja wur, ya tsere wa duk gidajen da ke kewaye da shi, da wata hasumiya mai ƙubba a tsakiyarsa. In ba a gaya maka ba za ka rantse fadar sarki ce ko barikin soja na zamanin da.

Hawan tudun kuwa sai mai ƙwarin gwiwa. Lunguna ne masu tsayi da aka shimfiɗe da duwatsu, wani wajen ma matakala ce, ga shanya a tsakanin gidaje, ga kyanwoyi ko'ina kamar su ne masu unguwar. Da na iso bakin katanga sai da na jingina na huta. Daga kusa ne mutum yake ganin aikin. Jan bulo ne tun daga ƙasa har sama, an ratsa shi da farin dutse, an yi wa tagogi baka, an bi saman bangon da ado irin na ganuwa, kuma duk da shekara fiye da 140 layin bulon bai karkace ba. Na daɗe ina kallonsa ina tuna wasu gine-ginen da aka yi a gabanmu, waɗanda tun kafin a gama biyan magini suka fara tsagewa. 'Yan yawon buɗe ido sun cika wajen suna ta ɗaukar hoto, yawancinsu 'yan mata da samari, kowa na neman inda jan bangon zai fito a bayansa. Abin da ban ji ba shi ne hayaniyar ɗalibai, alhali ranar karatu ce. Gini mai hawa-hawa da zai ɗauki ɗaruruwan yara, amma a shekarar da na je ɗalibansa ba su kai 60 ba.

Turkawa na kiranta Jar Makaranta. Masu ita kuwa suna kiranta da wani suna mai nauyi a Girkanci, ma'anarsa Babbar Makarantar Al'umma. Su wane ne masu ita? Kiristoci ne 'yan ɗariƙar Otodoks masu magana da Girkanci, waɗanda Turkawa ke kira Rum, wato Rumawan nan da muka sani a littattafan tarihi. Su ne mutanen birnin tun kafin Sultan Muhammadu Alfatih ya ci shi da yaƙi a 1453. Bayan cin garin Sultan bai kore su ba, ya naɗa musu babban limamin coci mai suna Gennadios, ya bar musu harkar addininsu da aurensu da gadonsu da karatun 'ya'yansu. Daga 1454 ake lissafa kafuwar makarantar. Ku duba fa, shekara guda kacal bayan an rushe daularsu, garinsu ya koma hannun wasu, an wayi gari su ne talakawa a inda suka yi sarauta, amma abin da suka fara tayarwa shi ne wajen karatu.

Kuma karatun ya biya su. Daular Usmaniyya (ta Turkawa nake nufi, ba ta Shehu ba) tana hulɗa da ƙasashen Turai, tana yaƙi da su tana sulhu da su, tana kuma buƙatar mutanen da suka iya harsunan ɓangarorin biyu. 'Ya'yan wannan unguwa ta Fener suka cike gurbin. Sun iya Girkancinsu, sun iya Turkanci da Larabci da Farisanci na fada, sun ƙara da Latin da Italiyanci da Faransanci. Daga 1661 muƙamin babban tafintan gwamnati ya koma hannunsu, ya kuma zauna a nan har 1821. Kada ku ɗauka tafinta irin na kotun majistare ne, wannan kusan ministan harkokin waje ne. Ɗaya daga cikinsu, Alexandros Mavrokordatos, wanda ya yi karatun likita a Italiya ya kuma koyar a wannan makaranta, yana cikin waɗanda suka wakilci Sultan a sulhun Karlowitz na 1699. Daga baya ma daga cikin gidajen Fener ake zaɓen waɗanda za su mulki Moldabiya da Walakiya, ƙasashen da yau suke cikin Romaniya da Moldoba, fiye da shekara 100 ana haka. Mutanen da ba su da soja ko ɗaya, ba su da ƙasa, addininsu daban da na masu mulki, amma ba a iya rufe ƙofa a yi shawara ba tare da su ba.

Akwai wani tsohon ɗalibinta da labarinsa ya burge ni, Dimitrie Cantemir, ɗan sarkin Moldabiya da aka ajiye a Istanbul kamar jingina don kada ubansa ya yi tawaye. Zaman jinginar nan bai tafi a banza ba. Ya koyi harsuna, ya ƙware a kiɗan Turkawa har ya ƙirƙiro hanyar rubuta shi ya adana ɗaruruwan sautuka, ya kuma rubuta tarihin daular da Latin wanda Turawa suka daɗe suna dogara da shi. A 1711 ya bi bayan Rasha a yaƙi, aka ci su, ya gudu bai dawo ba. Filin da jan ginin yake a kai yau, a da nasa ne.

To shi ginin kansa ba tsoho ba ne kamar makarantar. An fara shi a 1881 aka gama a 1883, mai zanen Konstantinos Dimadis, bulon kuma daga Marseille ta Faransa aka yi jigilarsa ta teku. Ya ci fam na zinariya fiye da 17,000, kuma babban wanda ya ɗauki nauyin wani attajiri ne mai harkar banki, Georgios Zarifis, mutumin da har fadar Sultan ke cin bashi a wajensa. A cikin ƙubbar hasumiyar aka yi ɗakin nazarin taurari da madubin hangen nesa. Wani abin dariya shi ne baƙi da yawa na ɗauka wannan gini shi ne hedkwatar cocinsu. A'a. Hedkwatar tana can ƙasan tudu a wani lungu, ƙaramin waje ne da za ka iya wucewa ba ka lura ba, alhali mai zama a cikinta shi ne na farko a daraja a tsakanin shugabannin Otodoks na duniya. Wato al'ummar ta ɗora makaranta a bisa tudu, ta bar fadar shugabanta a gindi. Mu kuwa mun san inda kuɗinmu ke tafiya in an zo naɗin sarauta.

Ku yi lissafi da ni. Daga 1454 zuwa 1881 shekara 427 ke nan. Duk tsawon wannan lokaci makarantar tana nan tana yaye tafintoci da malamai da likitoci, tana ƙaura daga wannan gida zuwa wancan, ba ta da jan bulo ba ta da hasumiya. Manyan mutanen da na ambata ba wanda ya taɓa taka wannan gini. Da aka gama shi kuma, shekara 40 kawai aka yi kafin al'ummar ta fara zubewa.

Ga yadda abin ya faru. Bayan yaƙin Turkiyya da Girka, a 1923 aka yi yarjejeniya a Lozan aka yi musayar jama'a, kuma da addini aka raba, ba da harshe ba. Kiristoci Otodoks fiye da miliyan guda suka bar Turkiyya, Musulmi kusan 400,000 suka bar Girka. An keɓe Rumawan Istanbul aka ce su zauna, kamar yadda aka bar Musulmin wani yanki na arewacin Girka, kuma a lokacin sun haura 100,000. A 1942 aka ɗora harajin dukiya wanda ya fi faɗawa kan waɗanda ba Musulmi ba, wanda ya kasa biya aka yi gwanjon kayansa, wasu aka tura su aikin ƙarfi. Sai daren 6 zuwa 7 ga Satumba 1955. Rigimar tsibirin Saifurus na ci, sai aka baza labari cewa an jefa bom a gidan da aka haifi Ataturk a Salonika. Daga baya ta bayyana cewa daga ɓangaren Turkiyya aka kitsa dasa bom ɗin, amma kafin nan aikin gama ya gama. Cikin dare guda aka farfasa gidaje fiye da 4,000, da shaguna da wuraren sana'a kusan 1,000, da coci 73, da makarantu 26, aka kashe mutane, aka ci zarafin mata, har kaburbura ba a bari ba. A 1964 kuma gwamnati ta kori kusan mutum 12,000 masu riƙe da takardar zama 'yan Girka, waɗanda da yawansu a Istanbul aka haife su ba su ma taɓa ganin Girka ba. Aka ce kowa ya fita da kaya kilo 20 da kuɗi kimanin dala 20. Matansu da 'ya'yansu suka bi su, adadin ya ninka. Yau Rumawan da suka rage a birni mai mutum sama da miliyan 15 ba su wuce dubu biyu zuwa uku ba, yawancinsu tsofaffi. Makarantar 'yan mata da ke maƙwabtaka da Jar Makaranta ta rufe a 1988 saboda babu ɗalibai, shekara ta gaba aka fara karɓar mata a ta mazan.

Na san abin da wasu za su ce yanzu, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za su ce, "To ai ka kawo hujjar dattawa da bakinka. Ga mutanen da suka fi mu daɗewa, suka fi mu kuɗi da ilimi, suka gina abin da ba za mu iya ba, kuma dare ɗaya aka tashe su." Wanda ya ga Shagamu a 1999, ko Idi-Araba a 2002, ko kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, ba zai karanta labarin jita-jitar bom ɗin Salonika ya ce baƙon abu ne ba. Mun san yadda ƙaramar magana ke zama wuta kafin la'asar. Gaskiya ne makaranta ba ta tare ɗan daba, kuma ba ta hana gwamnati canza doka. Duk wanda ya ce muku ilimi garkuwa ne daga irin wannan dare, bai karanta tarihin Fener ba.

Amma ku tsaya a kan kilo 20 ɗin nan. Mutumin da aka ce ya fita da akwati ɗaya, me ya fita da shi? Shagonsa na Beyoglu ya tsaya, gidansa ya tsaya, kuɗinsa na banki an rufe. Abin da jami'in kan iyaka bai iya ɗorawa a sikeli ba shi ne abin da ke cikin kansa, wato harsuna uku ko huɗu, da lissafi, da takardar shaidar karatu. Da wannan ne da yawansu suka sake tashi a Atina da sauran biranen duniya. In dai tsoron kora ne ke hana mu gini, to ai makaranta ce ya kamata mu fara ginawa, domin ita kaɗai ce jarin da amfaninsa ke shiga mota tare da kai. Rumfar albasa ba ta bin ka. Tirelar shanu ma sai in ta samu hanya. Kuma abin mamaki, tsoron bai hana mu zuba miliyoyi a rumfuna da shaguna a kasuwannin da aka sha ƙonawa ba, sai an zo maganar aji shida da allo ne ake tuna cewa zaman ba tabbas.

Sannan ina kuɗin yake tafiya? Gida. Kowa na da fili ko kangon gini a Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi, an kulle an ba wani ɗan uwa makulli, ana zuwa sau ɗaya a shekara ko a shekara biyu. Ba na zargin kowa, son gida ba laifi ba ne. Amma yaran da aka haifa a nan, waɗanda Yarbanci ya fi zama a bakinsu fiye da Hausar Kano, su ne ake bari a tsakiya. In sun nemi takardar shaidar asali a nan a ce su ba 'yan ƙasa ba ne, in sun je can a kira su 'yan Kurmi. Dā mafita ita ce a tura yaro makarantar kwana a Arewa. Bayan abin da ya faru a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021 da Kuriga a 2024, uwa nawa ce za ta yarda da wannan da zuciya ɗaya?

Kada a ce na ce ba mu da komai. Akwai Islamiyyu a kowace unguwa, akwai makarantun allo, akwai 'yan firamare da sakandare masu zaman kansu da wasu bayin Allah suka buɗe da guminsu, kuma makarantun gwamnatin jihohin nan suna karɓar 'ya'yanmu. Abin da nake nema na al'umma ne, wanda zai rayu bayan mai shi ya mutu, wanda za a ce wannan ta mutanen Sabo ce kamar yadda ake cewa waccan ta Rumawa ce. Kuma ba sai mun je Turai neman misali ba. Musulmin Yarbawa sun kafa Ansar-ud-Deen a Ikko a 1923 saboda ba sa son sai yaro ya canza suna kafin ya samu boko, ga makarantunsu nan ko'ina muna wucewa ta gabansu kullum. Ƙungiyar Ibo ta gina sakandare tata a Kano tun kafin yaƙin basasa. Su ma baƙi ne a can, su ma an tashe su a 1966, kuma ba wanda zai ce yaran da suka yi karatu a cikinta sun yi asara.

Wajen da na fi son mu koya daga Fener shi ne maganar tafinta. Sana'o'in da muka riƙe a Kurmi, goro da shanu da canji da gwari da acaba, duk suna rataye ne a kan takardar da wani ke rubutawa. Rana ɗaya a 2022 gwamnatin Legas ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi, dubban samari suka wayi gari ba abin yi. Bayan Shasha gwamnoni sun zo daga Arewa, sun yi jaje, sun koma. Abin da ya rage bayan tafiyarsu aikin takarda ne, lissafin asara da rabon rumfuna da zama da hukuma, kuma irin wannan aiki yana son ɗan unguwa wanda ya iya Yarbanci kamar Bayarabe, ya iya Turancin doka, ya kuma san ciwon mutanensa. Lauya nawa muke da su 'yan asalin Sabo? Nas nawa, a asibitin da matanmu ke zuwa haihuwa suna fama da bayani? Akwai su, na san wasu, amma kowannensu da ƙoƙarin gidansu ya kai, ba da tsarin al'umma ba. Yaranmu sun riga sun tashi da harshe biyu ko uku kyauta, abin da 'ya'yan Fener sai da suka sha wahala suka koya. Takardar ce kawai babu.

Akwai kuma abin da bai kamata mu kwaikwaya ba. Na farko ginin. In Allah ya hore mana wani Zarifis, ina roƙonsa kada ya yi odar bulo daga ko'ina. Ginin alfarma yana cin kuɗin gyara har abada, balle a gari mai girgizar ƙasa irin Istanbul, kuma nauyinsa kan faɗa ne a kan jikokin da ba su kai kakanninsu yawa ko arziki ba. Aji mai rufin kwano da malamin da ake biya a kan lokaci ya fi hasumiya. Na biyu ƙofar. Makarantun tsiraru a Turkiyya doka ta taƙaita su ga 'ya'yan al'ummar da ta mallake su, don haka maƙwabcin da ke kallon jan bangon ta tagarsa ba zai iya sa ɗansa ba ko yana so. Wannan ba zaɓin Rumawa ba ne, amma sakamakonsa a fili yake, da jama'a suka ragu sai azuzuwa suka bushe. Abin da ya ɗan riƙe su a shekarun baya shi ne 'ya'yan Otodoks masu jin Larabci da suka ƙauro daga Antakiya. Mu ba dokar da ta ɗaure mu haka. In muka gina, a buɗe ta ga ɗan Bayarabe da ɗan Ibo da ɗan Nufawa, a koyar da Hausa da Yarbanci duka biyun a matsayin darasi na gaske. Makarantar da ɗan mai unguwar Mokola ke ciki tana da masu kare ta da yawa ranar da gari ya rikice. Wasu za su ce tarbiyya za ta lalace in an cakuɗa. Ai a cakuɗe suke tun da safe har dare a bakin titi, gara su cakuɗu a gaban malami.

Wani labari daga wannan al'umma ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Akwai tsibirin Imbros, wanda Turkawa ke kira Gokceada, inda aka rufe makarantun Girkanci a 1964, mutane suka watse saura tsofaffi. A 2013 aka ba da izini aka sake buɗe firamare da yara huɗu. Huɗu fa. Bayan shekara biyu aka buɗe sakandare, sai ga iyalai masu ƙananan yara suna dawowa daga Girka, ɗalibai suka kai gomiya-gomiya. Ba jama'a aka jira su taru kafin a buɗe ba, buɗewar ce ta jawo su. Duk mai cewa mu jira sai hankali ya kwanta tukuna, ya dubi wannan.

Sai maganar da na fi so shugabannin kasuwanni da masu unguwanni su ji, wato takardar fili. Jar Makaranta tana da waƙafi, gidaje da shaguna da mutane suka bar mata don a riƙa biyan malamai da kuɗin hayarsu. A 1936 gwamnati ta ce kowane waƙafi ya rubuto abin da ya mallaka, suka rubuta. A 1974 babbar kotun ƙasar ta yanke cewa waƙafan tsiraru ba su da ikon mallakar wani abu bayan abin da ke cikin wancan jerin, sai aka shiga karɓe duk abin da aka ba su daga baya. Waƙafin wannan makaranta ya rasa kadarorin da ya samu a shekarun 1950. Ba su ɗauki sanda ba, ba su da ma masu ɗauka. Suka ɗauki fayil suka bi kotu-kotu har Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, wadda a Janairun 2007 ta ba su gaskiya, ta ce a mayar musu ko a biya su. Wannan shari'a tana cikin abubuwan da suka kai ga dokar 2011 da ta ba da damar mayar wa waƙafan tsiraru kadarori da dama. Al'ummar da ba ta cika filin ƙwallo ɗaya ba ta yi shari'a da gwamnati ta ci, saboda ta ajiye takardunta shekara da shekaru, kuma tana da 'ya'yan da suka san abin da za su yi da su.

Mu nan an sha sayen filin masallaci ko na makaranta da sunan mutum ɗaya saboda an yarda da shi, ba a yi rajistar amintattu ba, ba a nemi takardar gwamna ba, rasit ɗin ma yana cikin aljihun wata tsohuwar riga. Ranar da ya rasu sai magada su ce gado ne, ko 'yan omo-onile su dawo su ce a sake biya. Shawarata ga duk unguwar da ke son farawa ita ce a yi rajistar kwamitin amintattu tukuna, a sayi filin da sunansa, a haɗa da shaguna biyu ko uku da hayarsu za ta riƙa biyan albashi, sannan ƙungiyoyin kasuwa su ware wani abu ƙayyadadde daga kuɗin da dama suke karɓa a kan kowace mota da aka sauke, a riƙa karanta lissafin a bainar jama'a duk wata uku. Wanda ke da lauya ko safiyo a cikin 'ya'yansa ya turo mana shi, a nan za a fara buƙatarsa.

Mai zuwa saro kaya kuma, in ya samu rabin yini, tashar Fener ce, ya sa takalmi mara santsi saboda tudun.